Inji Mai Fulogi Shida

Ni dai tun farko na faɗa wa Bakari ya bar motar nan yadda ya same ta. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya girma, amma in ya kafe a kan magana ko jaki sai ya sara masa.

Motar a-kori-kura ce, ba babba ba kuma ba ƙarama ba, shuɗiya a da, kafin rana ta cinye fentin. Mahaifinmu Malam Babagana ne ya bar mana ita, tare da hanyar da take bi. Duk ranar kasuwar Potiskum sai ta tashi daga ƙofar gidanmu a Dogo Nini, ta wuce Ngojin, ta saki kwalta ta nausa daji har Garin Kyari, ta kwaso mutane da kayansu. Shekara goma sha tara ana haka, goma a hannun Baba, tara a hannun Bakari. Ni kuwa kujerar gaba tawa ce, don ni nake sayen daddawa da man shanu a hannun matan garin in kai rumfata.

Lokacin tashinmu babu wanda ya san shi, har mu kanmu. Wata rana murɗa makulli ɗaya ta tashi, wata rana kuma sai an tara maƙwabta sun tura ta har bakin titi tana tari.

Kafin a kai garin akwai wani kwari mai rairayi, Kwari kawai ake ce masa. Da zuwa, mota ba kaya, Bakari yakan sa giya ɗaya ya danne totur, ta yi gaba ta yi baya, tana wani irin kuka kamar ana yanka raƙumi, sai ta ci rabin awa kafin ta fita. Da dawowa kuwa babu wata dabara, maza su sauka su tura, mu mata mu zauna muna ba su baki. Motar ba ta shiga cikin garin, don zaizayar ruwa ta yanke hanya. A gindin wata kuka take tsayawa, gidajen suna can bayan jigawa, tafiyar minti ashirin ga mai kaya a ka. Muna isowa mu tarar da su jere a inuwa, kowa da ƙullinsa.

Abin da ya jawo maganar inji, Bulama Kyari ne ya faɗi. Shi ne mai garin, ya haura saba'in, amma ba ya yarda a tura mota yana zaune. Rannan ana cikin turi sai motar ta fizga gaba ba sallama, sai ga Bulama rub da ciki a rairayi, hula ta yi nata wuri. Ya tashi yana tofar da ƙasa yana dariya, kowa ya kwashe. Ana haka sai ga masu keke napep biyu sun ɓullo, abinsu ba nauyi, suka bi gefe suka wuce. Ɗayan ya leƙo ya ce, "Baba, da tamu ka hau da yanzu kana kasuwa!"

Kowa ya sake dariya ban da Bakari.

Sai da muka shigo gari muka sauke kaya ya ce, "Ya Fanna, mutanen nan za su gudu su bar mu. Wa zai yi ta hawa mota yana cin ƙasa?"

Na ce, "Shekara nawa suna cin ƙasar ba su gudu ba?"

"Da babu keke, yanzu akwai. Hanyar da Baba ya bar mini, a hannuna za ta mutu?"

Ita ce kaɗai damuwarsa, kada a ce a hannunsa mutanen Baba suka watse. Na san abin yana cinsa, amma ni ban iya lallashi ba. Na ce ya je ya yi wanka yana warin mai.

Washegari ya nufi garejin Idrisu, bakaniken da ke duba motar tun zamanin Baba, can bayan inda tireloli ke tsayawa. Na yafa mayafi na bi shi, don kada a yanke hukunci ba ni. Idrisu ya saurare shi har ƙarshe, ya goge hannu da tsumma, ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

Ya ce, "Bakari, motar nan da inji mai fulogi huɗu aka yi ta, kuma ya ishe ta. Ba tirela ba ce. In na dasa mata mai shida, ƙarfi kam za ta yi. Amma za ta sha mai kamar ba gobe, giya za ta ji jiki, lagireto sai an sa babba. Kuma kaya ai ba inji ke ɗauka ba, sifirin ne."

"Za ta haye Kwari ko ba za ta haye ba?"

"Za ta haye."

"Ba turi?"

"In dai ba rabin garin ka loda mata ba."

"To shi ke nan."

Na ce, "Haba Idrisu, kai da ka san gaskiya kai ne za ka buɗe masa ƙofa?"

Ya ce, "Hajiya, tambayata aka yi. Ƙarya zan yi masa?"

Akwai wani sa da Bakari ya yi wata bakwai yana kiwo a bayan gida, ya yi ƙiba har ba ya son tashi. Shi ya ja ya kai kara ya sayar. Da ya dawo da igiya a hannu ban ce masa sannu ba, ban kuma ba shi abinci da hannuna ba. Idrisu ya samo inji ɗan Kwatano, ya yi alkawarin kwana shida don kada ranar kasuwa ta wuce mu, kuma abin mamaki bakanike ya cika alkawari. Ana cikin aikin sai mai fentin da ke maƙwabtaka da garejin ya zuga Bakari, wai ina aka taɓa sa sabuwar zuciya a tsohuwar riga. Farin fenti ne kaɗai a hannunsa, shi aka fesa. Salansa ma sabuwa aka sa.

Ranar da aka kawo ta, wallahi ban gane ta ba. Fara tas, tana sheƙi. Bakari ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, sai wani ɗan gurnani a hankali kamar mage ta ƙoshi. Maƙwabtan da suka saba turi suka fito suna tafi, wani ma ya ce yau ƙugunsa ya samu 'yanci. Ba zan ɓoye ba, ni ma ta shiga raina. Na zagaya ta sau biyu, na ce, "Ba laifi." Bakari ya san ba laifi a bakina ya fi guɗa a bakin wata.

Ranar kasuwa na ci ado da sabuwar lafaya, na turara ta sosai. Rana na fitowa muka tashi. Kwalta kam ba a magana, har sai da na ce ya sassauta ba gasar tsere muka zo ba. Da muka doshi Kwari na kama ƙofa da hannu biyu kamar yadda na saba, na fara salati. Ban kai ƙarshen salatin ba muka fita.

Na waiga na ga rairayin a bayanmu, na dubi Bakari, sai kawai na rangaɗa guɗa a cikin mota. Shi kuwa dariya yake yi yana dukan sitiyari yana cewa, "Bulama ya gama cin ƙasa! Ya Fanna, Bulama ya gama cin ƙasa!"

Muka iso gindin kuka. Babu kowa.

Bakari ya ce da wuri muka zo, ya danna hon. Muka jira. Ya sake dannawa, ya daɗe yana dannawa, tsuntsaye suka watse daga kan kukar. Rana ta ɗaga, inuwa ta matsa, ko mai kaza ɗaya bai leƙo daga bayan jigawa ba. Can ya fita ya ɗan zaga, sai na ga ya tsaya yana kallon ƙasa. Na fito na same shi. Sawun keke ne, taya uku, ya shiga ta gefen zaizayar ya fito.

Ya ce, "Kin gani ko? Na makara."

Sannan ya ce ko mu taka mu shiga garin mu ji. To a nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ni Fanna 'yar Malam Babagana in bi mutane gida-gida ina roƙo su hau motarmu? Shekara goma sha tara, ko sallama ba su iya yi mana ba? Shiga mu tafi!" Muka juyo, mota fayau, ta haye Kwari kamar ba ta taka shi ba, wannan karon babu wanda ya yi guɗa.

Da muka iso gida ya ajiye ta a ƙofa, ya kashe waya ya jefa a kan katifa, ya shige ɗaki. Kwana biyu in ba masallaci ba babu inda ya je. Ni kuma na wuni a rumfa ba daddawa ba man shanu, duk wanda ya tambaya sai ya sha baƙar magana. Tausayin ƙanena ya hana ni sakat, amma da na leƙa ɗakinsa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ga sa ya tafi, ga mutane sun tafi, sai ka ci fulogi shida."

Kwana na biyu da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji hayaniya a waje, da kukan akuya. Kafin in tashi wata tsohuwa ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Nagoggo ce, babbar mai daddawar Garin Kyari, wadda ta san ni tun ina budurwa. Mata huɗu na biye da ita, ɗaya da kaji a rataye, ɗaya da ƙwarya a ka.

Na ɗaure fuska. Na ce, "Sannunku. Keken ne ya sauke ku a nan?"

Ko ta kaina ba ta bi ba. Ta kama hannuna. Ta ce, "Fanna, kada ki ɓoye mini. Motar ce ko yaron ne?"

"Wane yaron?"

"Bakari! Yana da rai?"

"Lafiyarsa ƙalau, Iya, yana ɗaki."

Sai ta sulale ta zauna a ƙasa tana hamdala, sauran matan suna taya ta. Ta ce, "To motar ce ke nan. Allah ya mayar da alheri, ƙarfe ne, ana samun wani. Da muka ga motar ma'aikata a ƙofar gidan nan, na ce shi ke nan, an yi rashi."

Na ajiye faranti. Na ce, "Iya, ban gane ba. Shekaranjiya ina kuka shiga?"

"Ina muka shiga? Muna gida mana, kunnenmu yana Kwari! Tun asuba na ƙulle daddawa, wannan ta kama kajinta, nonon Yakaka har ya tsinke a ƙwarya. Har azahar shiru. Shekara goma sha tara ban taɓa ganin ranar kasuwar da motar nan ba ta yi kuka a Kwari ba. Da Malam ya rasu ma, mako bai zagayo ba muka ji ta."

"Kuka?"

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Kukan motar mana! In ta shiga rairayi ta fara, nan ne mai wanka zai watsa ruwa, mai ɗaurin kaya ya ɗaure, mu kamo hanya. Kafin ta fito mun iso gindin kuka. Da me kike zaton muke sanin kun zo, ku da ba ku da lokaci? Duba muke yi?"

Jama'a, ni da nake ganin na fi Bakari wayo, shekara da shekaru ina zaune a kujerar gaba ina toshe kunne, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce, "To ba ku ga mota a gindin kuka ba? Ba ku ji hon ba?"

"Masu kiwo sun ce wata farar mota irin ta ma'aikata ta tsaya tana ta hon. Bulama ya ce kowa ya zauna a gidansa, mai nemanmu ya san hanya."

"Sawun keken fa?"

"Matar Safiyanu aka kai asibiti ana gobe kasuwa. Ta sauka lafiya, namiji." Ta share ido da gefen mayafi. "Har kan jigawa aka hau neman sabis, aka kira wayar yaron, a kashe. Jiya ma haka. Sai Bulama ya ce to ta faru, kowa ya kawo abin da yake da shi."

Ban san lokacin da Bakari ya fito ba. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa da singileti, ya ji komai. Ya nufi waje, na bi shi har zaure ina leƙe.

Bulama Kyari na zaune a kan dakali da maza shida, sun ba farar motar baya, sun ɗan matsa nesa da ita. Ga akuya a ɗaure, ga rabin buhun gero, ga wake a daro. Da ya ga Bakari sai ya miƙe ya riƙe shi a kafaɗa, ya fara jajen da ya shirya tun daga gida, wai haƙuri ake yi, wai ga ɗan abin da gari ya haɗa a sayar a tayar da motar Malam.

Bakari ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ga ta nan a bayanka."

Bulama ya waiga. Ya dubi motar, ya dubi Bakari. Ya taka a hankali ya zagaya bayanta, ya laluba wani lotsawa a ƙofar bodi wanda fenti bai ɓoye ba, inda saniyarsa ta taɓa kai wa ƙaho. Sai ya ce, "La ilaha illallahu! Ita ce! Wa ya yi mata wannan aikin?"

Bakari ya buɗe gaban motar ya nuna musu injin, mazan suka yi cincirindo suna ƙirga fulogi da yatsa. Ya ce, "Baba, saboda ranar da ka faɗi ne. Na ce za ku gaji da ni ku koma keke."

"Don na faɗi sau ɗaya? Ni a gonata sau nawa nake faɗuwa, na sayar da ita? Keke zai ɗauki buhun gerona da tumakina? Kai ɗan nan, ashe ba ka da wayo!"

Mazan suka fashe da dariya, Bakari kuwa ya kifa fuska a tafin hannu yana kuka kamar ƙaramin yaro, gardi guda a bakin titi. Ni ma a zaure hawaye nake yi, kuma na daɗi ne, ban ji kunyar kowa ba.

Ya ce su mayar da kayansu tunda babu abin da ya mutu. Nagoggo ta leƙo ta bayana ta ce abin da aka fito da shi don jaje ba ya komawa gida. Bulama ya ce to a yanka akuyar a ci, tafiya ta sa shi yunwa. Haka aka yi. Na ɗora babbar tukunya, matan suka kama mini, maƙwabta suka shigo, aka aika aka kira Idrisu. Yana cikin cin nama na tsare shi na ce, "To malam bakanike, ta amfana ko ba ta amfana ba?" Ya ce, "Hajiya, ki bari ya je gidan mai sau uku, sannan ki tambaye shi." Kajin dai ni na riƙe su, don wani ya kamata ya ci ribar wannan shirme.

Bayan la'asar Bakari ya ce shi zai mayar da su gida. Idrisu ya ce zai bi ya ji yadda giya take yi da kaya. Ni da Nagoggo muka matsu a gaba, saura suka hau baya. Da muka doshi Kwari na hango mazan ta madubi sun fara naɗe hannun riga, Bulama har ya cire hula ya cusa a aljihu. Bakari ya leƙa ta taga ya ce kowa ya zauna. Motar ta ɗan nitsa, ta yi gurnani, ta haye da su gaba ɗaya. Daga baya sai ihu da kabbara, Bulama yana dukan rufin mota yana cewa a koma a sake.

Nagoggo ta ce, "Komawa kam za a yi. Mutanen gida suna can suna jiran mugun labari. Koma cikin rairayin ka sa ta ta yi kuka."

Bakari ya ce, "Iya, wannan ba ta iya kuka ba."

Idrisu ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Aka ja da baya zuwa tsakiyar Kwari, ya zaro sifana daga aljihu ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya kwance bakin salansa. Ya ce, "Danna!"

Bakari ya danna. Wayyo kunnena! Tsohon injin ashe wasa yake yi. Ƙara ta cika dajin, awakin da ke kiwo can nesa suka zabura, Nagoggo ta toshe kunne tana dariya tana cewa ya ƙara. Ya saki, ya danna, ya saki, ya danna, kamar yadda tsohuwar take yi in ta maƙale. Sai da ya yi minti goma yana ƙona mai a tsaye, Idrisu na gefe yana girgiza kai, sannan muka ƙarasa gindin kuka.

Babu kowa a inuwar. Na ga hannun Bakari ya ƙanƙame sitiyari. Sai ga kai ɗaya ya ɓullo a saman jigawa, sai biyu, sai garin gaba ɗaya yana gangarowa a guje, mata na riƙe da zane suna guɗa, tsofaffi na dogara sanda a baya, wata ma da muciya a hannu ta baro tuwo a wuta. Da suka ga farar mota suka ɗan ja birki, sai Bulama ya miƙe tsaye a baya ya ɗaga hula ya ce, "Ita ce! Wanka ta yi!"

Suka rufe motar ta ko'ina, hannuwa ta taga kowa na son ya taɓa Bakari. Ya kashe inji ya zauna yana amsa gaisuwa. Nagoggo ta tattara zanenta za ta sauka, ta dafa gwiwarsa ta ce, "Ranar kasuwa ka daɗe kana yi, ɗan nan. Ka san ni ba ni da sauri."